Sawun Kiɗa a Ƙwaƙwalwa: Abin da Na'urar MRI Ta Gano a Kawunan Makaɗa

A shekarar 2006 wasu masana ƙwaƙwalwa biyu da ke aiki a birnin Boston na Amurka, Marc Bangert da Gottfried Schlaug, suka tara hotunan ƙwaƙwalen mutane da aka ɗauka da na'urar MRI, suka miƙa wa masu dubawa ba tare da sun gaya musu ko wane ne mai hoton ba. Wuri ɗaya aka ce su zuba wa ido: wani ɗan lanƙwasa da ke saman ƙwaƙwalwa, daidai inda umarnin motsa yatsu ke fitowa. A wajen yawancin mutane lanƙwasan ba wani na a zo a gani ba ne. A wajen makaɗa kuwa ya fi fitowa fili. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne gefen da ya fito. Masu kaɗa fiyano, nasu ya fi bayyana a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Masu goga bayolin, wato gogen Turawa, nasu a dama yake.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya hannun dama, na dama kuma ya juya hannun hagu. Mai bayolin da yatsun hagu yake danna tsirkiya, su ke yin aikin da ke bukatar sauri da daidaito, hannun dama kuwa jan baka kawai yake yi. Mai fiyano yana aiki da hannu biyu, amma na dama ne ya fi ɗaukar sassa masu wuya. Ke nan ƙwaƙwalwar kowannensu ta yi tudu a daidai gefen da aikin ya fi yi wa nauyi.

Shekara talatin ke nan masana a Jamus, Amurka, Kanada da Suwidin suna leƙa kawunan makaɗa. Sun gano abubuwa da dama da suka tabbata, an kuma ɗora musu wasu maganganun da ba su faɗa ba. Wannan rahoto ya bi sawun binciken: me hoton ya nuna, me ya jawo shi, kuma ina ya tsaya.

Daga gawa zuwa na'ura

Tunanin cewa kiɗa na sauya ƙwaƙwalwa ya girmi MRI nesa ba kusa ba. A 1904, Santiago Ramón y Cajal, masanin jijiyoyi ɗan ƙasar Sifaniya wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1906, ya yi hasashen cewa ƙwarewar mai fiyano ba za ta yiwu ba sai idan shekarun atisaye suna ƙarfafa tsoffin hanyoyin saƙo a cikin ƙwaƙwalwa, suna kuma buɗe sababbi. A daidai wannan zamani wani likita a birnin Frankfurt, Sigmund Auerbach, ya riƙa bincikar ƙwaƙwalen fitattun makaɗa bayan sun mutu, ciki har da ta Hans von Bülow, shahararren mai fiyano kuma jagoran ƙungiyar makaɗa. Ya ba da rahoton cewa wasu sassa da ke kusa da kunne sun fi na sauran mutane girma. Sai dai gawarwaki kaɗan ne, awon kuma da ido da hannu aka yi shi, don haka maganar ta kwanta shekaru masu yawa.

Na'urar MRI ce ta tayar da ita. Wani ƙaton maganaɗisu ne mai rami a tsakiya, mutum ya kwanta a tura shi ciki. Maganaɗisun da igiyoyin rediyo su ke girgiza sinadarin haidirojin da ke cikin ruwan jiki, kwamfuta kuma ta tattara amsar da ya bayar ta mayar da ita hoto. Ba a yanka, ba a kuma amfani da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, saboda haka ana iya ɗaukar lafiyayyen mutum, har da yaro, sau da yawa. Paul Lauterbur da Peter Mansfield sun sami kyautar Nobel a 2003 saboda aikinsu a kan wannan fasaha.

Abu biyu ake aunawa a hoton. Akwai ɓawon ƙwaƙwalwa mai ruwan toka, inda ƙwayoyin suke cunkushe, a nan ake sarrafa abin da ido ya gani, kunne ya ji, hannu zai yi. Akwai kuma farin sashe da ke ƙarƙashinsa, wanda zaruruwan jijiyoyi ne masu kai saƙo daga wannan yanki zuwa wancan. Makaɗi ya dace da irin wannan awo saboda dalilai na zahiri: yakan fara tun yana ƙarami, ana iya ƙiyasta sa'o'in da ya yi yana bita, kuma aikinsa na haɗa ido, kunne da yatsu a lokaci guda, cikin ƙiftawar ido.

Shekarar 1995

Manyan rahotanni uku ne suka fito daga Jamus a 1995, kuma har yau daga kansu ake fara ba da labarin.

Biyu daga ciki na Gottfried Schlaug ne, wanda a lokacin yake jami'ar Düsseldorf, kuma shi kansa ya iya kaɗa babban kayan kiɗan coci da ake kira ogan. Ya gwada ƙwararrun makaɗa 30 da wasu mutum 30 da ba su taɓa koyon kiɗa ba. Tsakanin ɓangaren hagu da na dama na ƙwaƙwalwa akwai wata gada ta zaruruwa kimanin miliyan 200, ta kanta ɓangarorin biyu ke aika wa juna saƙo. Schlaug ya tarar rabin gaba na wannan gada ya fi faɗi a wajen makaɗa. Wanda hannayensa biyu ke yin aiki daban-daban amma dole su dace da juna, gadarsa ba ta hutawa. Rahotonsa na biyu ya shafi mutanen da ke iya jin sauti ɗaya tak su faɗi sunansa ba tare da an gwada musu da wani ba. A wajensu wani fili da ke cikin yankin ji ya fi karkata ga ɓangaren hagu fiye da yadda yake a sauran mutane, har da makaɗan da ba su da wannan baiwa.

Na ukun Thomas Elbert ne da Christo Pantev da abokan aikinsu suka fitar. Sun yi amfani da wata na'ura dabam, mai auna ɗan ƙaramin maganaɗisun da ƙwaƙwalwa ke fitarwa sa'ad da take aiki. Suka kawo masu kaɗa kayan tsirkiya su tara, shida masu bayolin, biyu masu babban goge da ake kira chelo, ɗaya mai jita, suka riƙa ɗan danna musu kan yatsu. Amsar da ƙwaƙwalwa ta bayar kan yatsun hagu masu danna tsirkiya ta fi ta sauran mutane ƙarfi. Babban yatsa, wanda riƙe wuyan kayan kiɗan kawai yake yi, bambancinsa kaɗan ne. Hannun dama mai jan baka kuwa babu bambanci. Yatsa da yatsa, ƙwaƙwalwa ta raba fili gwargwadon aikin kowanne.

Daga nan sai rahotanni suka yi ta biyo baya. A 2002 Peter Schneider na jami'ar Heidelberg ya auna ɗan tudun da sauti ke fara sauka a kansa idan ya iso ɓawon ƙwaƙwalwa, ya tarar sashensa na gaba a wajen ƙwararrun makaɗa ya fi na waɗanda ba makaɗa ba da kashi 130 cikin 100, wato ya ninka fiye da sau biyu. A 2003 Christian Gaser na jami'ar Jena tare da Schlaug suka gwada maza 80: ƙwararrun masu fiyano 20, masu kaɗawa don sha'awa 20, da 40 da ba sa kiɗa. A yankunan motsi, ji da gani sai sakamakon ya zo hawa-hawa: ƙwararru a sama, masu sha'awa a tsakiya, sauran a ƙasa. Masu ganga ma an duba su. A 2019 Lara Schlaffke da abokan aikinta a birnin Bochum sun ɗauki hoton ƙwararrun masu kaɗa jerin gangunan zamani su 20, suka ga alamar cewa zaruruwan gaban gadar tsakiya sun fi kauri a wajensu ko da yake ba su kai na sauran mutane yawa ba, kuma yankin motsi na ƙwaƙwalwarsu bai wahala kamar na wanda bai saba ba idan ana kiɗa.

Idan aka jera waɗannan sakamako, abu ɗaya ke maimaituwa. Sauyin yana kama da kantar hannun manomi: inda ƙotar fartanya ke gugar fata, nan take fitowa, ba ta bazuwa ko'ina a jiki.

Kafin shekara bakwai

A cikin rahoton Schlaug na gadar tsakiya akwai wani bayani da ya fi sakamakon kansa tasiri daga baya. Da ya raba makaɗan gida biyu, sai ya ga kusan duk bambancin ya fito ne daga waɗanda suka fara koyo kafin su cika shekara bakwai. Haka Elbert ya gani a yatsu: wanda ya fara da wuri, nasa sauyin ya fi girma.

Amma akwai tarko a nan. Wanda ya fara yana ɗan shekara biyar, a ƙa'ida ya fi wanda ya fara yana ɗan shekara goma sha biyu yawan shekarun bita. Shin farawa da wuri ce ta yi aiki, ko tarin sa'o'i? Virginia Penhune ta jami'ar Concordia da Robert Zatorre na jami'ar McGill, dukkansu a birnin Montreal na Kanada, sun warware wannan a 2013 tare da ɗalibansu. Suka zaɓo makaɗa rukuni biyu da shekarun horonsu suka zo daidai, illa dai wasu sun fara kafin shekara bakwai, wasu bayanta. Masu farawa da wuri sun nuna bambanci a sashen gadar da ke haɗa yankunan motsi na hagu da dama, sun kuma fi daidaita lokaci a wani gwajin danna maɓalli da ba na kiɗa ba. Masu farawa a makare, a wannan sashe, ba su bambanta da waɗanda ba su taɓa kiɗa ba.

A Suwidin, ƙungiyar Fredrik Ullén ta cibiyar Karolinska, wanda shi ma ƙwararren mai fiyano ne, ta tambayi masu fiyano takwas a 2005 su ƙiyasta sa'o'in bitarsu a yarinta, a ƙuruciya da kuma bayan girma. Sa'o'in yarinta ne suka fi dangantaka da ingancin zaruruwa a wurare da dama, har da babbar hanyar da ke sauko da umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa laka. Bayanin da masana ke bayarwa shi ne, a shekarun nan jiki na kan lulluɓe zaruruwan da wani kitse mai sa saƙo gudu, don haka hanyar da aka fi bi a lokacin ita ta fi samun kulawa.

Wannan ba ya nufin ƙofa na rufewa. A 1995 Alvaro Pascual-Leone ya sa manyan mutane da ba su taɓa fiyano ba su yi bitar wani ɗan salo na yatsu biyar, sa'a biyu kullum har kwana biyar. Kafin mako ya ƙare filin da ke juya waɗannan yatsu a ƙwaƙwalwa ya faɗaɗa. Waɗanda aka ce su zauna su yi bitar a zuci kawai, ba tare da motsa hannu ba, su ma an ga irin wannan faɗaɗa. Babba na koyo, illa dai tushen da yaro ke kafawa ya fi zurfi.

Ɗan gado ko ɗan haye

Duk hoton da aka ɗauka na babban makaɗi yana da rauni guda: an ɗauke shi bayan an gama aikin. Ba ya nuna yadda kan yake kafin a fara. Yana yiwuwa kiɗa ne ya faɗaɗa yankin ji. Yana kuma yiwuwa wanda aka haifa da faffaɗan yankin ji shi ne kiɗa ya fi yi wa daɗi da sauƙi, ya dage, sauran suka watsar tun a shekarar farko.

Bahaushe ya san wannan tambaya, tun da yana rarrabe ɗan gado da ɗan haye. Yaron da aka haifa a gidan makaɗan fada yana jin kotso ko taushi tun yana goye, ya shiga amshi kafin ya mallaki hankalin kansa. Idan ya fito gwani, jini ne ko tarbiyya? Abu biyun sun iso masa ta ƙofa ɗaya. Haka zuriyar Bach a Jamus ta yi ta fitar da makaɗa har tsawon kusan shekara ɗari biyu. Ga kuma irin su Mamman Shata da bai gaji waƙa ba amma ya zarce 'yan gado da yawa.

Hanya ta farko ta raba gardamar ita ce a ɗauki hoton yara kafin su fara. Krista Hyde da Schlaug da abokan aikinsu sun yi haka a Boston, suka fitar da sakamako a 2009. Yara 31 ne 'yan kimanin shekara shida. Goma sha biyar aka riƙa koya musu fiyano rabin sa'a kowane mako, goma sha shida ba a koya musu ba. A hoton farko babu bambanci tsakanin rukunin biyu. Bayan wata 15, masu koyon sun nuna ƙarin girma a yankin motsa hannu, a gadar tsakiya da kuma yankin ji na dama, wato wuraren da aka saba gani a manyan makaɗa. Yaran da sauyinsu ya fi yawa su ne suka fi ci gaba a gwajin yatsu da na rarrabe karin waƙa. A birnin Los Angeles, Assal Habibi ta jami'ar Kudancin California ta fara bin wasu yara 'yan shekara shida zuwa bakwai daga unguwannin masu ƙaramin ƙarfi tun 2012: wasu a ƙungiyar kiɗa ta matasa, wasu a wasannin motsa jiki, wasu babu ko ɗaya. Bayan shekara biyu ita ma ta ga bambanci a yankin ji da gadar tsakiya na masu kiɗan. Sai dai a duka binciken biyu ba ƙuri'a aka jefa wajen raba yaran ba, iyalai ne suka zaɓa, kuma gidan da ke zaɓen kiɗa yana iya bambanta da wanda bai zaɓa ba.

Hanya ta biyu ita ce tagwaye. Suwidin na da rajistar tagwaye mafi girma a duniya ko kusa da haka, kuma a 2014 Miriam Mosing da Ullén suka binciki tagwaye kimanin 10,500. Sakamakon ya girgiza masu cewa bita ce komai. Na farko, yawan bitar da mutum ke yi ita kanta tana da nasaba da gado, da kashi 40 zuwa 70 cikin 100. Na biyu, tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, ko da ɗaya ya fi ɗan uwansa bita nesa, kunnuwansu sun zo daidai wajen rarrabe sauti, kari da bugu. Akwai wasu biyu da tazarar bitarsu ta haura sa'a 20,000, amma makinsu bai bambanta ba.

Bayan shekara huɗu, Örjan de Manzano da Ullén suka nemo irin waɗannan tagwaye har gida tara, inda ɗaya ke kaɗa fiyano ɗaya ba ya yi, suka sa su a MRI. Jini ɗaya, gida ɗaya, amma mai kiɗan ya fi kaurin ɓawo a yankunan ji da motsi na hagu, ya fi ingancin zaruruwa, kuma wani sashe na ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya ya fi girma a wajensa. Idan aka haɗa binciken biyu, amsar ta fito: gado na da hannu wajen kaifin kunne da son zama a yi bita, ita kuma bitar tana barin sawunta a ƙwaƙwalwa ko da jinin ɗaya ne.

Idan bita ta wuce kima

Ƙwaƙwalwar da ke sauyawa don ta taimaka tana iya sauyawa ta cutar. Leon Fleisher na cikin manyan masu fiyano na Amurka lokacin da, a 1964, yana ɗan shekara 36, yatsu biyu na ƙarshen hannunsa na dama suka fara naɗewa da kansu duk sa'ad da ya zauna kiɗa. Babu karaya, babu ciwo a tsoka. Ya koma koyarwa a Baltimore, da jagorancin ƙungiyoyin makaɗa, da kaɗa waƙoƙin da aka tsara don hannun hagu kaɗai. Sai bayan kusan shekara talatin allurar Botox, mai sassauta tsokar da ta ƙi saki, tare da tausa ta musamman, suka dawo masa da hannun. A 2004 ya fitar da faifan da ya kaɗa da hannu biyu. Ya mutu a 2020.

Eckart Altenmüller, likitan jijiyoyi kuma mai busa sarewa, wanda ya daɗe yana jagorantar cibiyar lafiyar makaɗa a birnin Hanover, ya ƙiyasta cewa wannan lalura ta ƙagewar yatsu na kama kusan ɗaya cikin 100 na ƙwararrun makaɗa. Ta fi kama hannun da ya fi shan aiki: dama a masu fiyano, hagu a masu bayolin. A 1998 Elbert da abokan aikinsa sun auna masu fama da ita, suka tarar filayen yatsu a ƙwaƙwalwa, waɗanda ya kamata kowanne ya tsaya da iyakarsa, sun matso juna har sun fara cakuɗewa. Idan iyaka ta goge, umarnin da aka aika wa yatsa ɗaya sai ya ja na kusa da shi. Wannan ma hujja ce cewa girman fili a hoto ba kullum yake nufin alheri ba.

Daga ɗakin kiɗa zuwa asibiti

Inda wannan ilimi ya fi kusa da amfanar talaka shi ne wajen masu shanyewar ɓarin jiki. Idan bugun jini ya sami ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, sau da yawa magana kan ɗauke. Tun da daɗewa likitoci sun lura wasu daga cikin irin waɗannan majinyata, da ba sa iya haɗa jimla, suna iya rera waƙar da suka sani da kalmominta. A 1973 Martin Albert, Robert Sparks da Nancy Helm a Boston suka mayar da wannan abu hanyar jinya: majinyaci ya riƙa rera gajerun jimloli na yau da kullum da sauti biyu, sama da ƙasa, ana buga masa hannun hagu a kan kowace gaɓar kalma, a hankali har rerawar ta koma magana.

A 2009 Schlaug ya ɗauki hoton majinyata shida kafin da bayan zama 75 zuwa 80 na wannan jinya, ya ga damin zaruruwan da ke haɗa yankin ji da na furuci a ɓangaren dama ya ƙaru. Mutum shida ba su isa a yanke hukunci ba, amma sun nuna inda za a duba. Gabrielle Giffords, tsohuwar 'yar majalisar wakilan Amurka da aka harba a ka a birnin Tucson a watan Janairun 2011, waƙa na cikin abubuwan da aka yi amfani da su wajen dawo mata da magana a wani asibiti a Houston.

Iyakar abin da hoto ke faɗa

Kowane ɗigo a hoton MRI na yau da kullum yana wakiltar ɗan yanki mai kimanin milimita ɗaya ta kowace fuska, kuma a ciki akwai dubban ƙwayoyi. Idan an ce wuri ya yi kauri, na'urar ba ta bayyana ko rassan ƙwayoyi ne suka ƙaru, ko mahaɗarsu, ko ƙananan hanyoyin jini, ko ƙwayoyin da ke yi musu hidima. Sannan bambancin na matsakaicin rukuni ne. Akwai wanda bai taɓa riƙe kayan kiɗa ba amma gadarsa ta fi ta wani gwani faɗi.

Yawan mutanen da aka gwada shi ma abin lura ne: tara, takwas, talatin, gida tara. A 2022 wani babban nazari da Scott Marek ya jagoranta ya nuna cewa idan ana son danganta siffar ƙwaƙwalwa da halayen mutane ta hanyar da za ta tabbata, ana bukatar dubban mutane. Ga misali na kusa. A 2007 Patrick Wong da Nina Kraus na jami'ar Northwestern sun ba da rahoton cewa tushen ƙwaƙwalwar makaɗa ya fi bin hawa da saukar murya a harshen Sinanci, ko da ba sa jin harshen. Batu ne da zai ja hankalin mai jin Hausa, harshen da shi ma karin sauti ke rarrabe ma'ana a cikinsa, har kalangu ke iya kwaikwayon zance. Amma a 2025 wani bincike da aka yi a cibiyoyi shida, da mutum fiye da 200, ya sake gwajin bai sami wannan fifiko ba. Haka kuma kusan duk makaɗan da aka ambata a nan 'yan makarantun kiɗan gargajiyar Turai ne, masu koyo daga rubutacciyar takarda. Abin da aka gani a kansu bayanin irin horonsu ne.

Kiɗa kuma ba shi kaɗai ke da wannan tasiri ba. A 2000 Eleanor Maguire ta nuna cewa direbobin tasi na Landan, da ke haddace dubban tituna, sashen baya na ma'ajiyar taswira a ƙwaƙwalwarsu ya fi girma. A 2004 Bogdan Draganski a birnin Regensburg ya koya wa matasa wasan cafe ƙwallo uku a iska. Bayan wata uku yankin da ke lura da motsin abubuwa ya ƙaru, da suka daina na wata uku kuma ya fara komawa.

Shin yana ƙara basira?

Wannan ce tambayar da iyaye da masu makarantu suka fi so a amsa musu, kuma a nan ne talla ta fi yin gaba da ilimi. A 1993 Frances Rauscher da abokan aikinta a jami'ar California da ke Irvine suka sa ɗalibai 36 su saurari kiɗan Mozart na minti goma, suka ga sun ɗan fi ƙoƙari a wani gwajin siffofi. Tasirin bai wuce minti 10 zuwa 15 ba, kuma ɗaliban jami'a ne, ba jarirai ba. Duk da haka a 1998 gwamnan jihar Georgia, Zell Miller, ya nemi a ware dala 105,000 a kasafin kuɗi don a ba kowane jariri faifan kiɗa.

Koyon kiɗa ya fi sauraro nauyi, shi ma an gwada shi. A 2004 Glenn Schellenberg a birnin Toronto ya raba yara 144 'yan shekara shida ta hanyar ƙuri'a: fiyano, waƙa, wasan kwaikwayo, ko babu komai. Bayan mako 36 makin basirar masu kiɗa da waƙa ya fi na sauran ƙaruwa da ƙasa da maki uku. Ƙari ne, amma ɗan kaɗan. A 2020 Giovanni Sala da Fernand Gobet suka tattara bincike 54 da suka shafi yara kusan 7,000. Sun ga cewa duk inda aka tsara gwajin da kyau, aka raba yara da ƙuri'a, aka kuma ba ɗaya rukunin wani abin yi na daban, amfanin kiɗa ga lissafi, karatu da basira gaba ɗaya yakan ragu har ya kusa ɓacewa. Wasu masana sun sake lissafin sun ce akwai ɗan saura, gardamar kuma ba ta mutu ba. Amma ko a binciken Hyde, yaran da ƙwaƙwalwarsu ta sauya a fili sun yi gaba ne a yatsu da kunne, ba su fi takwarorinsu a gwajin harshe ko na siffofi ba.

Gaskiya ne yaran da ke zuwa darasin kiɗa sukan fi ƙoƙari a makaranta. Sai dai sau da yawa su ne 'ya'yan masu hali, masu littattafai a gida, masu natsuwar zama wuri ɗaya, kuma da waɗannan suka zo tun kafin su taɓa fiyano.

Abin da shekara talatin na ɗaukar hoto suka tabbatar ya isa a yi mamakinsa ba tare da ƙari ba. Aikin da mutum ya dawwama a kai, musamman tun yana yaro, yana sake fasalin naman da ke cikin kansa har na'ura ta iya aunawa, kuma sauyin yana bin aikin sau da ƙafa: wannan hannu, waɗannan yatsu, wannan kunne. Uban da ya kai ɗansa koyon kiɗa don ya iya kiɗa, ya samu kunne mai kaifi da hannu mai biyayya, binciken na goyon bayansa. Wanda kuwa ya kai shi don ya ci jarrabawar lissafi, gara ya nemo masa malamin lissafi.